Gyaran Injin Babur Mai Ƙafa Huɗu Don Hanyoyin Dajin Zariya

Duk wanda ya taɓa ɗaukar babur mai ƙafa huɗu ya bi ta bayan Wusasa zuwa gindin Dutsen Kufena ya san giya ta biyar ba ta da aiki a wurin. Yini guda za ka yi tsakanin giya ta ɗaya da ta uku. Ka gangara kwazazzabo, ka haura marmara, ka ratsa yashin rafi, ka kauce wa kututturen da aka bari a bakin gona. Abin da kake nema a wajen injin shi ne ya ja tun daga ƙasa, wato tun yana juyawa a hankali, da ka taɓa totur ya amsa, kar ya mutu maka a tsakiyar hawa, kar kuma ya ɗauki zafi don kana tafiya a hankali cikin ranar Afrilu.

Yawancin kayan ƙarin ƙarfi da ake tallatawa an ƙera su ne don masu tsere a fili, waɗanda injinsu ke yini yana ihu. Idan ka ɗaura su ba tare da tunani ba, za ka sami babur mai gudu a kan kwaltar Funtuwa amma raggo a cikin daji. Shi ya sa nake son a bi gyaran nan bi da bi, a fara da mai arha wanda ake iya mayarwa, a bar buɗe inji ya zama na ƙarshe.

Zan riƙa misali da Honda TRX400EX, wanda aka fara fitarwa a 1999. Injinsa cc 397 ne, silinda ɗaya, iska ke sanyaya shi, kuma da kafireto yake aiki. Abin da zan faɗa ya shafi Yamaha Warrior da Raptor 350 da Suzuki LT-Z400, sai dai lambobin su bambanta. Kowa ya nemi littafin gyaran nasa babur kafin ya ɗauki sufana.

Fara da lafiyar injin

Kusan duk waɗannan babura na hannu ne suke iso mana, sun sha aiki a wata ƙasa kafin a loda su a kwantena. Ba a ƙara wa marar lafiya kaya. Kafin ka sayi komai, ka bar injin ya kwana ya huce sarai, ka buɗe murafen bawul, ka juya injin har fistin ya kai ƙololuwa a bugun matsi, alamar T da ke jikin filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da injin, ta daidaita da tsagar da ke bakin ramin leƙawa. Sai ka zura ma'aunin tazara. A 400EX ana son milimita 0.10 a bawul ɗin shigar iska, 0.12 a na fitar hayaƙi. Nasa da noti da sukuru ake saitawa, aikin rabin awa ne. LT-Z400 da Yamaha YFZ450 kuwa wasu 'yan ƙananan faifan ƙarfe ake canjawa, sai an ciro kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul.

Bawul ɗin da ya matse shi ke kawo wuyar tashi da safe da mutuwa a sulo. Da yawa sukan ɗora wa kafireto laifin, su yi ta kwance shi a banza.

Daga nan a gwada ko silinda na riƙe matsi. Hanya mafi gaskiya ita ce a hura iska ta ramin fulogi, fistin yana sama, a kasa kunne. In iskar na fita ta kafireto, bawul ɗin shiga ne ba ya rufewa. In ta salansa ne, na fita ne. In kuwa ta bakin zuba baƙin mai kake jin ta, zoben fistin ya cinye. Duk wanda ka samu a cikin ukun nan, shi ne gyaranka na farko. Sannan ka juye baƙin mai, ka sa sabon fulogi, ka wanke tanki, ka sa 'yar matatar fetur a tiyon da ke zuwa kafireto.

Game da baƙin mai: kulocin waɗannan babura a cikin mai yake iyo, don haka man mota na zamani mai sinadarin ƙara santsi yana sa shi zamewa. Duba jikin galan ka ga an rubuta JASO MA. Da zafin garinmu 10W-40 ko 20W-50 ya wadatar.

Ƙura

A nan zan daɗe, domin a nan injina ke mutuwa a Zariya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana sauka, ga jar ƙasar hanya wadda ta zama gari, musamman in kana bin bayan wani. Wannan ƙura laushinta kamar hoda, amma a cikin silinda aikin sanfefa take yi.

Shawarar farko da za ka ji a intanet ita ce ka cire murfin akwatin iska don injin ya sami numfashi. Na bi wannan shawara a shekarar da na fara hawa, na kuma sa matata irin ta auduga mai raga. Babur ya ƙara kuzari, ba ƙarya. Kafin damina ta faɗi ya fara shan mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Da muka kwance shi, dattijon bakaniken da ke yi mini aiki ya zura yatsa cikin robar da ke tsakanin akwatin iska da kafireto, ya ciro shi jawur. Ya ce, "Alhaji, ka ga abin da injinka yake ci tun kaka. Zobe ba ya jure wannan." Sai da na sayi fistin da zobe, aka kuma gyara bawul. Tun daga ranar murfina a rufe yake.

Matatar soso mai ninki biyu ita ce ta dace da mu. Ga yadda ake kula da ita. Ka ciro ta a hankali kar datti ya zube ciki, ka toshe bakin robar da tsumma mai tsabta. Ka wanke soson da kalanzir, ka biyo da ruwan ɗumi da sabulu, ka ɗauraye. Kar ka riƙa wanke shi da fetur, yana narkar da gam ɗin da ya haɗa sassansa. Ka matse shi a tafin hannu, kar ka murɗe shi kamar wanki, yagewa yake. Ka shanya shi a inuwa har ya bushe ƙarau. Sannan ka zuba masa man matatar iska, wannan mai danƙon, ka mulmula har ko'ina ya ɗauka, ka matse rarar. Baƙin mai na iya tsayawa na kwana ɗaya in ba ka da wancan, amma yana tsiyayewa ya taru a ƙasa ya bar saman soson a bushe. Abu na ƙarshe, wanda aka fi mantawa: shafa giris a leɓen matatar inda take zama a jikin akwati, don ta wannan ɗan tsagin ƙura ke satar hanya.

A hunturu, bayan kowace fita ta yini ake wannan aikin. Wanda ya sayi soso biyu ya huta, ɗaya na aiki ɗaya na shanya. In kuma ka ga lallai sai ka ƙara wa injin iska, to ka huda ramuka kaɗan a saman murfin ka rufe su da soso mai mai, ka kuma tuna cewa a watan Agusta, in ka shiga fadamun Galma ko Kubanni, kowane rami ƙofar ruwa ce.

Haƙoran sarƙa

Wannan bai shiga cikin inji ba, amma babu gyaran da zai canja maka babur da kuɗi kaɗan kamarsa. 400EX na shekarun farko yana zuwa da faifan sarƙa mai haƙora 15 a gaba, mai 38 a baya. Raba 38 da 15, ka sami 2.53. Sauko da na gaba zuwa 14, lissafin ya koma 2.71. Ƙarfin ja a taya ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari ke nan, gudun ƙarshe kuma ya ragu da kwatankwacin haka. A aikace, hawan da a da sai ka koma giya ta ɗaya kana wasa da kuloci, yanzu ta biyu za ta haye da kai.

Haƙori ɗaya a gaba daidai yake da kusan uku a baya. Na fi son canja na gaba, saboda in faifan baya ya yi girma yana kusantar ƙasa, duwatsu su riƙa dukansa. Kar dai ka sauka ƙasa da 13, sarƙa tana lanƙwasa da yawa ta ci kanta da wuri. Wanda kuma ya canja tayoyin baya daga inci 20 zuwa 22 don ya ƙara tsayi, ya sani ya ɗaga giyarsa da kashi 10 cikin ɗari, dole ya rama ta haƙora. In faifan ko sarƙar sun tsufa, a canja su tare.

Ka fita da shi sau biyu ko uku a haka. Mutane da dama a nan suke tsayawa, don abin da suke nema ya samu.

Salansa da kafireto, tare suke tafiya

In kana son ƙari, sai salansa. Ka canja tulun baya kawai, ka bar bututun da ke fitowa daga kan silinda yadda kamfani ya yi shi. Siririn bututu yana sa hayaƙi ya fita da sauri ko da injin na juyawa a hankali, kuma wannan saurin ne ke taimaka wa silinda ta cika da sabon cakuɗe. Faffaɗan bututu sai injin ya yi sama yake amfani. Haka nan kar ka bari mai walda ya fafake cikin salansarka ya bar ta kamar gwangwani. Ƙara za ka samu, jan ƙasa ya tafi.

Ka zaɓi tulu mai ragar tare tartsatsi a bakinsa, mai kuma sauƙin ƙara. Da rani ciyawa ta bushe, karan dawa da na masara suna jibge a gonaki, tartsatsi ɗaya ya isa ya jawo wa bawan Allah asarar shekara. Ƙarar kuma tana firgita shanu a burtali. Muna ratsa wuraren mutane ne da yardarsu, kuma ina ganin duk mahayin da ya san darajar wannan ba zai sa salansar da ake jin ta daga ƙauye zuwa ƙauye ba.

Da zarar hayaƙi ya sami hanyar fita, iska ta fi shiga, sai fetur ya yi wa injin kaɗan. Injin da fetur ya yi wa kaɗan zafi yake yi, kuma shi ke ƙona bawul ya huda fistin. Don haka ranar da ka sa salansa, ranar za ka taɓa kafireto.

Kafireto hanya uku yake ba da mai. Daga sulo zuwa kwatan totur, ƙaramin jet (jet shi ne ɗan bututu mai siririn rami da fetur ke bi) da sukurun mai ne ke aiki. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet. Mai bin daji rayuwarsa tana kan biyun farko, amma za ka ga kowa babban jet yake tambaya.

A 400EX kamfani ya sa ƙaramin jet mai lamba 38 da babba mai lamba 148 a kafireton Keihin. Fara da ƙasa. Ka ɗumama injin sosai, minti goma kana tafiya. Ka ɗan ɗaga sulo. Ka juya sukurun mai ciki a hankali har injin ya fara rawa, sannan ka dawo da shi waje kwata-kwata har ka kai inda sulo ya fi tashi ya fi daidaituwa. Yanzu kashe injin ka ƙirga zagaye nawa ne daga rufe, ka rufe shi da taushin hannu don bakinsa siriri ne. In ya haura zagaye biyu da rabi zuwa uku, ƙaramin jet ya yi kaɗan, koma 40 ko 42. In bai kai zagaye ɗaya ba, ya yi yawa.

Sai allura. In taka tana da tsage-tsage a kanta, sauko da ɗan makullin zuwa tsagar ƙasa yana ɗaga allurar, mai ya ƙaru. Tsaga ɗaya ake motsawa a gwada. Abin da kake saurare shi ne yadda yake amsawa in ka danna totur daga giya ta biyu kana tafiya a hankali. In ya yi kamar an shaƙe shi ya yi shiru kafin ya tafi, mai ya yi kaɗan. In ya yi burbur yana tari kafin ya washe, ya yi yawa.

Babban jet kuma lambobinsa suna tafiya 150, 152, 155, 158. Ka fara da wanda kake zaton ya ɗan yi yawa, ka riƙa saukowa har tarin da yake yi a cikakken totur ya ɓace. Kuskure ta wajen yawa fulogi kawai zai ɓata maka, ta wajen kaɗan kuwa inji ne.

Ga abin da ya sa ba a kwafar lambar wani. Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga teku, kuma kowace mita 100 iska tana rage kauri da kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Zafi ma haka: iskar digiri 40 ta fi ta digiri 20 sirantaka da kusan kashi 6 cikin ɗari. Wanda ya saita nasa a bakin teku cikin sanyi ya ce maka jet kaza ne daidai, a wajenka zai yi yawa. Ko a nan gida, saitin da ya yi daidai a zafin Afrilu yakan ɗan yi kaɗan da asubahin Janairu. Ni a sanyi nake saitawa, in bar shi ya ɗan yi yawa a bazara.

Bayan tafiya mai ɗan tsawo ka ciro fulogi. Ruwan ƙasa-ƙasa kamar gyaɗa soyayya, lafiya lau. Fari fat, ƙara mai yanzu. Baƙi mai kunkunniya, rage. In kuma yana harbi tas-tas idan ka saki totur, kafin ka zargi jet ka duba inda bututu ya haɗu da kan silinda, gaskit ɗin wurin in yana shan iska haka yake yi. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a rubuta a littafi.

Masu Raptor 700, wanda ya fito a 2006 da inji mai cc 686, ba su da wannan kwance-kwancen, don na'ura ce ke fesa masa mai. Su sai dai su ɗaura akwatin daidaita mai irin Power Commander na kamfanin Dynojet. Dokar ɗaya ce: an buɗe salansa, a ƙara mai. Ƙananan na China masu injin GY6 da bel kuwa, a rage nauyin 'yan dunƙulen da ke cikin fulin gaba kaɗan, injin zai riƙa ɗagawa kafin ya ɗauki kaya, hawa ya yi sauƙi.

Zafi

Injin da iska ke sanyayawa yana wahala a tafiyar hankali. Bayan kowace fitar damina ka wanke lakar da ta cushe tsakanin fikafikan silinda da na'urar sanyaya mai, domin in ta bushe ta zama bargo. Mai niyyar ƙara girman fistin ya fara da sa babbar na'urar sanyaya mai. Masu lagireto su tabbatar fanka na tashi, su wanke ragar daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, su kuma daina zuba ruwan rijiya zalla, yana barin gishiri da tsatsa a hanyoyin ruwa. In ka tsaya gaisawa da mutane a hanya, kashe injin.

Buɗe inji

In ka yi duk wannan kuma har yanzu kana jin bai ishe ka ba, ko kuma dama zoben ya cinye dole a buɗe, to ga iyakar da nake ganin ta dace.

Kamshaf: ɗauki na matakin farko, wanda aka rubuta don ƙasa da tsakiya ne. Manyan suna barin bawul a buɗe ya daɗe, abin da ke rage matsi in injin na juyawa a hankali, wato daidai inda kake bukatarsa.

Fistin: na kamfani a 400EX faɗinsa milimita 85 ne, matsinsa 9.1 bisa 1. Ana iya faɗaɗa silindar zuwa 87, injin ya koma cc 416, kuma wannan ƙarin a ƙasa ake jin sa. Akwai na 89 da ake kira 440, amma sai an canja hannun rigar silinda, yana da zafi, kuma an san shi da tsinke zaren kusoshin da ke riƙe kan silinda. Ban ga dalilinsa a dajinmu ba. Matsi kuma kar ya wuce wajen 10 bisa 1. Wanda ya haura 11 yana son fetur mai inganci a kowane lokaci, mu kuwa wata rana a ƙauye mai zai ƙare maka, ka saya a hannun 'yan bumburutu, ba ka san abin da aka gauraya ba. Da man ya gaza, za ka ji injin yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ka danna a hawa. Wannan ƙarar fistin take ci. Saboda wannan dalili nake cewa a bar lokacin wutar fulogi yadda yake, kar a gaggauta shi. Akwatin CDI, wato na'urar da ke sarrafa wutar fulogi, irin mai ƙara iyakar juyawar inji ma ba ka da bukatarsa, ba ka zuwa can.

Kai silindar wajen mai injin gundura tare da sabon fistin a hannu, don ya auna shi ya yanka daidai da tazarar da ke takardarsa. Kafin a ɗaura zobe, a zura shi cikin silinda a auna tsagar bakinsa. In ta yi kaɗan, da ya ɗauki zafi bakunan za su haɗe ya kama. Notocin kan silinda da sufana mai awo ake ɗaure su, a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba da ƙarfin dantse ba.

Filawil kuwa kar wanda ya rage maka nauyinsa. Nauyin nan shi ke riƙe juyawar injin in taya ta daki dutse, ya hana shi mutuwa. Da ƙarfi ya ƙaru, kuloci na iya fara zamewa. Sa sababbin sifirin masu ɗan tauri, in faifan sun cinye a canja, a jiƙa sababbin cikin baƙin mai su kwana kafin a ɗaura. Ka bar wa hannun kuloci wasan milimita 10 zuwa 20 a bakinsa.

Bayan an rufe inji, sai a sake bin kafireto daga farko, don saitin jiya ya tashi aiki. Ka tayar da shi ya yi ɗumi, ka kashe ya huce, sau biyu ko uku, kana duba yoyon mai. Tankin farko ka yi shi a hanya mai sauƙi kusa da gida, irin ta gefen Shika, kana hawa da sauka a giya, ba ka riƙe totur wuri ɗaya ba, ba ka kuma labta masa nauyi a babbar giya ba. Da tankin ya ƙare ka juye mai, ka canja matatarsa, ka bar shi ya kwana, da safe ka sake auna bawul. Sannan ka ɗauki hular kwano, fulogi na ajiya da sufanarsa, ka sami abokin tafiya, ku nufi Kufena ku gwada shi a hawan da ya saba gagarar sa.